A Gyara, Masu Ganin Gida Za Su Shigo

A Amurka idan mutum zai sayar da gidansa, allo ake kafawa a bakin titi, a sa rana, yawanci Asabar ko Lahadi, a buɗe ƙofa na awa biyu ko uku, duk mai so ya shigo ya leƙa har banɗaki. Maigidan ma ba ya tsayawa. Yakan kwashi iyalinsa da karensa su tafi shan iska, ya bar dillali da mabuɗi. Kafin ranar an sauke hotunan iyali daga bango, an kwashe tarkace, wani lokaci har kujeru da labulen haya ake kawowa a ƙawata falo.

Mu a Kano rubutun da muka saba gani a jikin katanga akasin haka yake faɗa: wannan gida ba na sayarwa ba ne, da jan fenti, saboda 'yan damfara masu sayar da abin da ba nasu ba. Wanda kuwa na sayarwa ne da gaske, ko ɗigo ba za ka gani a jikinsa ba. Sayar da gida a wurinmu maganar raɗa ce, domin da an ji, abin da za a fara cewa shi ne wane ya karye. Saboda haka maigida sai ya bari an idar da isha'i, ya ja dillali ɗaya gefen masallaci ya ce masa, “Wannan magana daga ni sai kai sai Allah.” Dillali ya dafa ƙirji. Kafin jibi mai shayin bakin layi ya san farashi, ya san nawa za a iya ragewa, ya kuma san bashin da ya jawo sayarwar. Daga ranar gida ya buɗe ke nan, ba na awa uku ba, na wata uku ko shida, kuma babu mai jiran gayyata.

A fara da maigidan kansa, mutumin da ya shekara ashirin bai ga tsagar da ke bangon soro ba sai yau. Zai tafi Ƙofar Ruwa ya sayo bokitin fenti biyu, a shafe fuskar gida da falo. Ɗakin yara da bayan kicin kuwa, cewa zai yi mai hankali ba ya duba nan. Za a kai awaki gidan ƙanwarsa su yi hutu. Tsofaffin tayoyi da mataccen janareto da kwanon da iska ta yaye tun bara, a jibge su bayan tanki, inda yake zaton ido ba ya kaiwa. Inda yoyo ya zana taswira a silin, a shafa farar ƙasa sau uku. Inda tayil ya fashe, a jawo durowa a rufe. Kuma da gangan ya zaɓi rani, domin a watan Maris kowane gida a Kano lafiyayye ne: ba yoyo, ba kwata mai ambaliya, layi a bushe ƙayau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa ba ya son ciniki ya kai Agusta. Idan ka tambayi dalilin sayarwa, amsoshinsa a shirye suke: wurin ya yi masa nisa da kasuwa, iyali sun yi yawa, ko ya samu fili a Ɗanbare zai yi ginin zamani. Malamai sun sha faɗa a gabansa cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma a fiƙihu wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Ya ji, ya kuma yarda. Shi dai a ganinsa ba ɓoyewa ya yi ba, gyarawa ya yi.

Sai uwargida, wadda galibi ita ce ta ƙarshen ji, kuma a bakin mai kitso. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, “Allah ya sa haka ne mafi alheri,” da irin muryar da ke sa maigida ya tuna yana da uzuri a waje. A gidan nan ta haifi 'ya'yanta duka, ita ta shuka zogalen da ke bayan kicin, adashinta uku a layin. Don haka ranar da yaro ya shigo da gudu ya ce, “Wai a gyara, maza za su shigo,” sai ta gyara yadda ta ga dama. A ranar za ta tuna da wankin da ya taru, a shanya shi igiya huɗu a tsakar gida, yadda baƙo sai ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin zannuwa. A ranar za a soya manja har hayaƙi ya turnuƙe. Ita tana ɗaki bayan labule, ba a ganinta, amma muryarta na fita tar. Dillali yana cewa, “Rijiyar nan ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa,” sai a ji daga ciki an ce, “Ke 'yar nan, maza tsayar da ɗan ga-ruwa kafin ya wuce, kin san tamu sai Yuli.” Ba da baƙi take ba, da 'yarta take. Wa zai ce ta yi laifi?

Dillali kuwa kada a raina masa sana'a. Tsohuwar sana'a ce a kasuwannin Hausa, kuma a cikinsu akwai dattawan da kalmarsu ta fi takarda ƙarfi. Amma dillalin gidaje yana da ma'aunin da ba a koyar da shi a makaranta. In ya ce taku biyu ne zuwa titi, tanadi kuɗin adaidaita sahu. In ya ce mota na shiga har ƙofar gida, gaskiya ya faɗa, tana shiga. Fitowa ce sai da baya-baya, da yara huɗu masu ba da hannu. In ya ce unguwa ce mai albarkar jama'a, akwai injin markaɗe a jikin katangar ɗakin barcinka. Filin da ya kira hamsin-hamsin, idan aka ja tef sai a tarar maƙwabci ya ci ƙafa uku tun zamanin Shagari. Kuma kowane gida da ke hannunsa, jiya-jiyan nan wani Alhaji daga Kantin Kwari ya taya, yau da yamma zai kawo kafin alƙalami, sai fa in ka riga shi. Ba a taɓa ganin Alhajin nan da ido ba. A lissafina babu wanda ya kai shi tayin gidaje a tarihin Kano, kuma ko kango bai taɓa saye ba.

Abin mamaki shi ne yadda dillali ke hayayyafa. Ɗaya ka ba magana, ranar ganin gida sai ka tarar da biyar a ƙofa, kowanne yana rantsuwa gidan a hannunsa yake kai tsaye. Na farko ya san maigida. Na biyu ya san na farko. Na uku hoton gidan ne a wayarsa. Na huɗu ya san direban mai saye. Na biyar babur ɗinsa aka hau aka zo. Kowanne ya ɗora ɗan abinsa, don haka gidan da ya bar bakin maigida a miliyan 30 yakan isa kunnen mai saye a 38, ban da la'ada, wadda a bakin mutane biyar ce cikin ɗari. Shi ya sa abin da suka fi tsoro a duniya shi ne maigida da mai saye su keɓe. Da su biyun sun matsa kusa da juna a tsakar gida, sai ka ga dillali ya ratsa tsakani ya tsaya, kamar ƙanen budurwa da aka turo ya zauna a wurin zance, yana nuna musu indararo.

To, ga baƙi sun fara shigowa.

Mai saye ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan zo da wani abokinsa da ake kira Injiniya, wanda iyakar karatunsa na gini shi ne ya taɓa tsayawa a kan leburori lokacin da yayansa ke zagaye fili. Ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. Da shigarsa sai ya zaro mabuɗin mota ya karci bango, ya murza ƙasar a tsakanin yatsu, ya sansana, ya girgiza kai. “Buhu ɗaya, bulo sittin,” in ji shi, da muryar ta'aziyya. Zai bi tayil ɗaya bayan ɗaya da dunduniya yana sauraron wanda ke amsawa. Zai murɗa famfo ya tarar ba ruwa, ya rufe, ya sake murɗawa ko ruwan ya sake shawara. Zai nemi tsani ya cusa kai cikin silin, ya fito da yana a hula, ya sanar da jama'a cewa gara ta gama da katako. Wuri ɗaya ne nake bayansa ɗari bisa ɗari: in ya tambayi tazarar sokawe da rijiya. A ƙananan filayenmu su biyun sukan zama maƙwabta na ƙut da ƙut, kuma daga nan taifod da amai da gudawa ke samun ƙofa. Sauran bayanansa kuwa an ɗauko shi ne ya zabge miliyan biyar da baki. Kafin ya fita, fentin maigida na sati biyu ya sha zane tun daga soro har kicin.

Akwai wanda zai zagaya gida sau uku yana ma sha Allah, ya yabi iska, ya yabi maƙwabta, sannan ya taya rabin kuɗin filin ko da babu gini a kansa. Maigida ya haɗiye abin da ya taso masa ya ce, “Albarka.” Shi kuma ya ƙara dubu ɗari biyu, ya ce don zumunci. Wannan ba gida ya zo gani ba. Ƙishin-ƙishin bashi ya ji, ya zo auna zurfinsa, zai kuma dawo bayan wata biyu ya ga ko ruwa ya kai wuya.

Shi kuwa Alhaji mai babbar riga, ka rasa tausayinsa za ka ji ko haushi. Shadda ta sha bugu, turare ya riga shi shiga soro, waya biyu a hannu ɗaya. Ba ya ciniki, ciniki na ƙananan mutane ne. “Nawa kuka ce? Ba damuwa.” Yana tafe yana rushe gida da baki: nan zan fasa in yi falon baƙi, nan in ɗora bene, wancan ɗakin na direba ne. A kawo lemo ya sha, ya shafa kan yara, ya yi doguwar addu'a. Kuɗinsa suna nan tafe, fayil yana teburin ƙarshe a Abuja, sa hannu ɗaya ya rage, a riƙe masa gidan zuwa ƙarshen wata. Maigida har rakiya yake yi masa zuwa mota yana “a sauka lafiya, ranka ya daɗe,” ya dawo ya sallami masu saye biyu na gaske. Wata ya mutu, wani ya kama. Waya ɗaya a kashe, ɗayar kuma yaro ke ɗauka ya ce Alhaji ya shiga taro. Ban ce maƙaryaci ne ba. Shi kansa ya yi imani kuɗin suna zuwa, kuma ya shekara bakwai a kan wannan imani.

Kada a manta da maƙwabci. Shekara goma sha biyar yana jikin gidan nan, iyakarsa soro, don namiji ba ya wuce nan. Yau ga ƙofa a buɗe, ga maza suna shiga, sai ya bi sahu yana cewa, “Bari in taya ku gani.” So yake ya gane wa idonsa ko kwatar gidan ce ke jiƙa masa katanga, ya kuma ga falon da matarsa ta daɗe tana yi masa gori a kai. Wannan mai sauƙi ne. Mai haɗarin shi ne wanda ya daɗe yana son ya fasa katanga ya faɗaɗa nasa. Ba ya shiga ciki. A ƙofa yake jiran mai saye, ya ja shi gefe: “Gida kam lafiya lau, mutanen kirki ne. Sai dai da daddare... a'a, bar shi kawai, kada a ce ni na faɗa.” Ya kuma yi imani shari'a ta ba shi fifiko a kan bare. Bai duba littafin Risala ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wannan haƙƙin fifiko da ake kira shuf'a na abokin tarayya ne a dukiyar da ba a raba ba, maƙwabci ba ya ciki. Hanafawa ne suka ba maƙwabci. Al'ada ce da kyautatawa suka sa ake fara yi masa tayi, kuma in an yi, sai ya ce shi yanzu hannunsa ba nauyi, amma a jira shi zuwa kaka.

Irin wannan raɗa ba ta kama kowa kamar mai tsoron iska. Tambayarsa ta farko ita ce ko an taɓa mutuwa a gidan, gidan da ya shekara arba'in da mutane a ciki. Ta biyu, wa ya shuka tsamiyar da ke bayan katanga. Zai fito da waya ya auna alƙibla a ƙofar banɗaki, ya ce sai malaminsa ya yi istihara. Malamin bai taɓa ganin alheri a gidan da ya wuce miliyan 20 ba.

Wakilin na ƙasar waje shi ne baƙon zamani. Yayansa yana Jidda ko Landan, ya gaji da jin labarin waɗanda suka aiko kuɗin gini suka dawo suka tarar da ciyawa, don haka ya rantse ba zai yi cinikin biri a sama ba, sai ya gani ta WhatsApp. Ƙane ya ɗaga waya sama yana tafiya da baya: “Yaya, kana gani? Wannan shi ne falo.” Yaya ya daskare a allo, baki buɗe. A sake kira. A gano cewa a duk faɗin gidan wuri ɗaya ne sabis ke kamawa, ƙofar banɗaki, don haka a nan za a tattauna maganar miliyoyi, dillalai biyar sun kewaye waya kowa na cusa fuska. Yaya ya lissafa kuɗin da riyal ko fam ya ga araha, arahar kuma ta tsorata shi, ya ce lallai akwai abin da ake ɓoye masa. Daga nan matarsa ta karɓi wayar ta ce a nuna mata kicin. An nuna. Shiru ya biyo baya, ba na sabis ba. Abin da Yaya bai sani ba shi ne ƙanen nasa ma ya ɗora miliyan biyu, ya zama dillali na shida.

Idan ango ne mai sayen, tun kafin ya biya ko sisi za a ga adaidaita sahu ta sauke mata shida a ƙofa: gwaggonnin amarya sun zo ganin wurin jere. Su ba sa jiran a gyara. Ɗaya ta zaro igiya daga jaka ta auna bango, ta ƙulla, ta ce gado ba zai shiga ba, balle sif. Ɗaya ta leƙa kicin ta ce, “Nan ɗin? To ina za a sa kayan 'yar tamu? Ita fa ba ta saba ba.” Babbarsu ta wuce kai tsaye bayan labule ta gaisa da uwargida, kuma a cikin minti goma, a kan tabarma, da ruwa a kofi, an karanta mata tarihin rijiya, da silin, da injin markaɗe, da ɓeran da ya fi ƙarfin magani. Ciniki da yawa a nan suka mutu, maza suna soro suna ta lissafi ba su sani ba.

Ɗan hayan da ke shagon ƙofar gida ya san sayarwa na nufin notis. Saboda haka ya zama mutum mafi gaskiya a unguwa. Ko ba a tambaye shi ba zai ce da kuɗinsa ya sa ƙofar nan, ga rasit. Bashin wuta ya taru tun kafin ya zo. Kuma ya biya haya har bayan Babbar Salla, duk wanda ya saya da shi ya saya.

Wani maigidan, in kasuwa ta yi sanyi, yakan ɗauko ɗan'uwa ya sa masa manyan kaya, ya zo a daidai lokacin da mai saye yake ciki, ya taya sama don ya zuga shi. Wannan shi ne najashu, kuma hadisi ya hana shi ƙarara. Ban da zunubi ma, dabarar ba ta cika tsayawa ba. Mutumin na tsaka da cewa shi daga Kaduna ya zo musamman, sai yaran gida su fito da gudu su rungume shi: “Kawu, oyoyo! Ina tsarabarmu?”

Duk waɗannan wasa ne in aka zo gidan gado. A nan ba maigida ɗaya ba ne, goma sha takwas ne. Mata biyu suna tarayya a kashi ɗaya cikin takwas, namiji yana da rabon mata biyu, kuma kowa ya riga ya buga nasa lissafin a waya ya kashe kuɗin a zuci. Akwai ɗan da ke zaune a gidan kyauta da matarsa da 'ya'ya biyar. Shi ne ke tuna wa kowa cewa gidan mahaifi ba abin sayarwa ba ne, me mutane za su ce. Akwai wanda ya ci bashi a kan rabonsa tun ranar sadakar uku. Shi ko nawa aka taya cewa yake a sallama. Akwai babban yaya mai riƙe da takardu, wanda ya yi gyaran soro shekara tara da suka wuce, kuɗin gyaran kuma suna girma duk lokacin da aka zauna. Mazajen 'yan mata suna waje a jikin mota, kowanne na cewa, “Ni ba ruwana, maganar gidansu ce,” alhali tun daren jiya ya rubuta wa matarsa abin da za ta faɗa. A nan ne shuf'a take aiki da gaske, domin magada abokan tarayya ne: ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, ɗan'uwansa na iya biyan kuɗin ya karɓe. Mai saye mai wayo ba ya fitar da ko kwabo sai ya ga takardar rabon gado daga kotu da sa hannun kowa. Ko da hakan, ya shirya wa baƙo na ƙarshe: ɗan marigayi da aka haifa a Kurmi lokacin da Baba ke fataucin goro, wanda ba a ji ɗuriyarsa ba shekara talatin. Ranar sa hannu yake sauka, da 'yar jakarsa, kuma kamanninsa da marigayin sun fi na duk waɗanda ke zaune a tabarmar.

Sannan lauya, saurayi mai jaka, wanda bai kalli fenti ba, bai kalli rijiya ba, ya ce, “Baba, ina takarda?” Maigida ya shiga ɗaki ya ɗaga katifa, ya fito da leda a cikin leda. A ciki akwai takardar ciniki da rubutun hannu, da hatimin mai unguwa, da shaidu uku, biyu sun riga mu gidan gaskiya, na ukun ba ya gane mutane. Lauya ya gyara zama ya fara karatu: tun dokar filaye ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma mai satifiket ba ya mayar da shi ga wani sai da amincewar gwamna. Shi zai je ofishin filaye na KANGIS ya bincika fayil. Maigida ya ce shi a nan aka san shi, a tambayi kowa. Dillalai suna harararsa, don a wurinsu lauya mai kashe kasuwa ne. Ni kuwa na ga amfanin yaron nan. Shi ne ke gano cewa gidan da ake ta karce wa bango satifiket ɗinsa yana banki a jingine, ko kuwa rabin soron yana kan hanyar da gwamnati ta shata.

Mai sayen gaske kuwa, da wuya a lura da shigowarsa. Silifas ne a ƙafarsa, rigarsa da ƙurar Dawanau ko ta Singa, dillalai ma ba su ba shi kujera ba don sun zaci ɗan rakiya ne. Bai shiga ɗaki ko ɗaya ba. Ya tsaya a ƙofa ya dubi layi gabas da yamma, ya ƙirga masu wucewa, ya taka faɗin fuskar gidan da ƙafarsa. Ashe tun daminar bara ya bi ta layin ana tsaka da ruwa, ya ga inda yake kwanciya. Tambayarsa biyu: takarda lafiya? magada nawa? Ya taya, aka ce albarka, ya ƙara sau ɗaya, ya ce iyakarsa ke nan, ya juya zai tafi. Maigida ya ce, “Na sallama.” Aka tafa, aka yi fatiha. Mai sayen ya ce kuɗin suna but ɗin mota a buhu, lauya ya yi tsalle ya ce dokar 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, aka ɗunguma banki. Da alat ya shigo, maigida ya sami ƙarfin halin cewa, “Alhaji, ka ga fentin ma sabo ne.” Mutumin ya ɗaga kai ya dubi bangon, karo na farko, ya ce, “Allah sarki. Ai rushewa zan yi, shaguna za a zuba. Wata ɗaya ya ishe ku kwashe kaya?”

Daga nan sabon ayari ke tasowa. Dillalai biyar sun zama tara, har da wanda ya nuna kwanar layin. Shaidu na jiran na goro. Yaron da ke shiga ya ce a gyara yana tsaye a gefe yana sosa ƙeya. Dangin da ba su san gidan yana yoyo ba duk sun ji ƙarar alat daga garuruwansu: wannan zai aurar da 'ya, wancan an rubuta wa matarsa aiki a asibiti, wani jari kawai yake nema ya mayar bayan Salla. Maigida kuma ya koma mai kwance-kwance. Tunda rushewa za a yi, sai ya bi fanka da sukundireba, ya kwance ƙwan fitila, ya cire kan famfo, ya tumɓuke ƙofar banɗaki, uwargida na bayansa tana saran reshen zogale za ta dasa a inda ba ta sani ba tukuna. A kan tankin ruwa ake yin rigimar ƙarshe, mai saye ya ce yana cikin ciniki, maigida ya ce a nuna masa inda aka rubuta, har sai mai unguwa ya raba su: tanki na maigida, ƙarfen da ya hau kai na mai saye.

A makon da leburori suka fara yaye kwano ne Alhaji mai babbar riga yakan kira da kansa. Albishir gare shi: fayil ya motsa. A ƙara masa sati biyu.